Takabar da na yi ban taɓa aure ba

Na gane akwai matsala a yammacin da Kaka ta yanke tatsuniya a tsakiya. Muna gefen murhu a gidanmu na Salaga, doya tana gasuwa, a tatsuniyar kura ta leƙa rijiya ke nan, sai Kaka ta yi tsit ta kasa kunne. Ihu ne daga wajen kasuwa.

Ni jikarta ce ta wajen uba. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, 'yar ƙauyen manoman doya ce, kuma tsagar danginta tana kumatuna. A makon nan aka fara farautar masu wannan tsaga.

A hutun da ya gabata na dawo daga sakandare a Yendi da wani littafi. Wata Bayahudiya ce ta rubuta yadda aka kwashe danginta a jirgin ƙasa a Turai aka hallaka su, ita kuma maƙwabciya ta ɓoye ta a bayan kabad. Na ba Kaka da yaran gida labarin a gefen wuta. Yara suka ce in rufe da cewa ƙarya na yi, yadda ake rufe tatsuniya. Na ce wannan ba ta rufuwa, ta faru.

Kaka ta ɗago kai daga garwashi ta tambaye ni.

"Turawan da ke da asibiti da makaranta?"

"Su fa, Kaka."

"To maƙwabciyar, da aka buga ƙofa, me ta ce? Muryarta ta yi rawa?"

"Kai, Kaka, 'yar sanda kika zama?"

Dariya na yi a lokacin.

Washegarin ihun Kaka ta cire mini 'yan kunne, ta ɗaura mini tsohon zane, ta lulluɓe ni, ta sa mini 'yar wuƙa a hannu irin ta masu takaba. Ta zaunar da ni ina fuskantar bango.

Da hantsi masu farautar suka zo. Na ji muryar telan da ya ɗinka mini kayan makaranta.

"Hajiya, ina jikarki?"

"Tana Yendi. Ta ciki matar ɗan ƙanena ce, takaba take yi. Wanda ya isa ya kalli matar mamaci, ga labule nan, bismillah."

Labulen ya motsa. Sannan takalma suka juya. Har yau in na ji ƙarar keken ɗinki, muryar telan nake ji.

Na yi kwanaki a ɗakin ina tunanin matar littafin. Da na karanta, jarumtarta na gani. Ban san jarumta tana zuwa da fitsari a zane ba.

Wata la'asar Kawu, ƙanen babana, ya iso daga Bawku a bayan motar sojoji. Kaka ta yaye mini mayafi.

"Tashi, 'yar nan. Kin tsira."

"Ƙauyen su Mma fa?" na tambaye ta, ina nufin dangin mahaifiyata.

Ta sunkuya tana naɗe tabarma. Kawu ya ce in yi sauri, direba ba zai jira ba.