Tukunyar Kabarin Kawu

Ni ba malami ba ne, ban kuma taɓa cewa ni malami ne ba. A aji biyu na sakandare karatuna ya tsaya. Daga nan sai gyaran babur, har ciwon baya ya hana ni tsugunno, na koma rumfar cajin waya a Rikoto, nan cikin Zuru. Mai caji ba ya rasa wuta, ba ya rasa zaman banza. Zaman banzan ne ya kai ni ga kundin ilimin nan na intanet, wanda ake cewa kowa na iya shiga ya gyara. Kowa, in ji su. Na yarda da maganar kamar yadda talaka ke yarda da ɗan takara.

Da farko abin ya yi mini daɗi. In na ga an ɗauki ƙauyen da ke ƙasar Wasagu an jefa shi wata ƙaramar hukuma, sai in mayar da shi gida. Ba wanda ya ce mini kanzil. Har godiya wasu suka yi mini, ni da ko a gidana ba a cika gode mini ba.

Rannan da hantsi na buɗe shafin da aka yi a kan al'adunmu, mu Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari. A da, in babban mutum ya mutu a cikinmu, gwanin noma ko maharbi ko ɗan kokawa, akan gina tukunya ta musamman a ɗora a kan kabarinsa. Ba ta girki ba ce, ba ta ruwa ba. Tana da wuya da kai da kunnuwa, wani lokaci da buɗaɗɗen baki kamar mai kuka. To, a shafin an sa hoton irin wannan tukunya, a cikin gilashi, an haska mata fitila. A ƙasa aka rubuta cewa an samo ta daga yankin Zuru, tana wani gidan tarihi a Turai, kuma ba a san wadda ta gina ta ba.

Na buɗa hoton da yatsu biyu har ya fara dushewa. A ƙarƙashin kunnen hagu akwai ɗan rami. Yatsana ne.

Mamana ce ta gina wannan tukunya, domin wanta, kawuna, wanda ba a taɓa kai bayansa ƙasa a kokawa ba. Ina ƙaramin yaro lokacin, muna can kan dutse, ba mu sauko ba tukuna. Ta ajiye ta a inuwa ta sha iska, na lallaɓa na caka mata yatsa don in ji ko ta yi tauri. Na sha duka ranar, amma ramin ya zauna, don yumɓun ya riga ya kama. Da shi aka gasa ta, da shi aka kai ta kan kabari. Bayan mun sauko mun shiga coci, wata shekara a farkon damina muka hau tsohuwar gona, muka tarar tukunyar ba ta kan kabarin. Sai zagayen gindinta a ƙasa. Ba wanda ya je wurin 'yan sanda. Manya suka ce kayan zamanin da ne, wanda ya ɗauka ya ɗauke mana nauyi. Mama ta ci gaba da shuka.

Nan take na goge abin da suka rubuta a ƙasan hoton. Na sa sunan Mama, na sa sunan Kawu, na ce an sace ta ne daga kan kabarinsa. Abin da nake so ke nan, ba ƙari: sunan tsohuwar nan ya zauna kusa da aikin hannunta tun tana da rai.

Kafin in gama sallamar masu karɓar waya, an mayar da rubutun yadda yake. Wanda ya mayar wani malamin makaranta ne, tsohon hannu a kundin, ban taɓa ganin fuskarsa ba. Kowane shafi yana da bayan gida, in ce bayan fage, inda masu gyara ke tattaunawa. Can ya bar mini saƙo.

"Barka da ƙoƙari, Malam. Amma ina madogararka? Littafi, ko jarida, ko binciken jami'a?"

Na rubuta masa: "Madogarata tana tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Uwata ce."

"Allah ya ƙara mata lafiya. Sai dai ba ma rubuta abin da mutum ya sani shi kaɗai. Kuma kalmar sata zargi ce, mu ba ma ɗaukar ɓangare."

"Yallaɓai, in aka shiga maƙabartarku aka kwashi abu, samowa za ka ce ko sata?"

"Abin da majiya ta ce zan ce."

"Majiyar taka ai ita ce mai riƙe da kayan. Ka taɓa ganin kura ta rubuta cewa ita ta ci akuya?"

Na sake sa rubutuna, ya sake cirewa. Na sa, ya cire. Wasu suka shigo, kowa da ra'ayinsa, yawancinsu ko taswirar Zuru ba za su iya nunawa ba. Da na kawo maganar ramin yatsana, wani ya ce in da ramin yatsa ake kafa hujja, da kowa ya mallaki gidan tarihi. Raina ya ɓaci, na gaya musu maganganun da ba a gaya wa mutum a gaban 'ya'yansa. Na kuma rubuta da manyan baƙaƙe cewa ko dai a faɗi gaskiya, ko a cire hoton baki ɗaya, don ba a tallar kayan kabari kamar tumatir. Sai aka kulle shafin, ni kuma aka toshe ni na ɗan lokaci, kamar yaron da aka kora waje ya yi kneel, a'a, ya durƙusa a rana.

Wadda ta toshe ni tana cikin masu kula da kundin, ita ke raba gardama in ta yi tsami. Ta nemi lambata ta kira ni. Muryar yarinya ce, ba ta wuce sa'ar 'yata ta fari ba.

"Baba, ina wuni? Ni ce na toshe ka."

"Sannu da aiki, Malama. An biya ki?"

Ta yi dariya. "Wallahi ko kuɗin data ba a ba ni. Baba, ni fa na yarda da kai."

"To rubuta."

"Ba zan iya ba. In na buɗe maka ƙofar nan, gobe wani zai zo ya ce kakansa ne ya gina ganuwar garinsu shi kaɗai, shi ma uwarsa ce ta gaya masa. Da me zan hana shi?"

Maganar tana da ƙashi, ko da yake ban so ba. Na ce mata ashe dai mu da ba mu da masu rubuta mu, ba mu taɓa rayuwa ba ke nan. Ta ce akwai hanya. In ɗan jarida ya zo ya yi hira da Mama, aka buga, to wannan ta zama madogara. Za a iya rubuta cewa wance ta ce ita ta gina, iyalinta kuma sun ce sace ta aka yi, sannan a kawo abin da gidan tarihin ya ce, mai karatu ya auna da kansa. Ta ce ta san wani da ke zuwa yankinmu ɗauko labarin manoma, za ta roƙe shi ya biyo.

Ya biyo kuwa. Na share tsakar gida, na aro kujeru, na sayo lemo. Mama ta fito da zanen zumuntar mata na coci, ta ɗaura kallabi, ta zauna kamar ranar Lahadi. Hausarta ba ta da yawa, ni ne tafinta. Ɗan jaridar ya durƙusa ya gaishe ta, ya kunna abin ɗaukar magana, na miƙa mata wayar da hoton.

Ta kai ta kusa da ido, don ganinta ya ja baya. Ta daɗe. Na ga babban yatsanta yana bin wuyan tukunyar a kan gilashin waya, daga ƙasa zuwa sama, yadda ake shafar ɗanyen yumɓu. Sannan ta miƙo mini, ta ce da yarenmu, "Gaya masa ban san ta ba."

Na ce, "Mama!"

"Gaya masa."

Ban fassara ba, amma mutumin ba wawa ba ne, ya ga fuskata. Ya yi ta lallashi, Mama kaza, Mama kaza. Ta tambaye shi lafiyar iyalinsa, ta ce a ƙara masa lemo. Ya kashe abinsa, ya ce in yi haƙuri, ba zai buga abin da ba a faɗa ba. Ya hau babur ya tafi.

Da muka rage mu biyu na ce, "Kin kunyata ni gaban baƙo."

Ta ce, "Kai ka kira shi, ba ni ba."

"Ba ke kika gina ta ba?"

"Na tsaya gaban jama'a a coci na ce na ajiye wannan aiki. Yanzu da ƙafata ɗaya ke cikin rami kake so in ɗauko shi a rediyo? Kuma in na ce tawa ce, sai a ce daga kan wa aka ɗauke ta. Sai duniya ta ji wana yana kwance ba komai a kansa, mu kuma muna nan muna cin tuwo. Ka bar shi da mutuncinsa."

Na ce ai ba mu muka yi satar ba. Ta ce, "Mu muka yi shiru." Ta tashi ta shiga ɗaki.

Na gaya wa Malama yadda aka yi. Ta yi salati, ta ce ba ta ji daɗi ba. Da aka buɗe ni, ta tara masu gardamar a shafin tattaunawa don a rufe magana. Sunan Mama ba zai shiga ba, babu madogara. Kalmar sata ba za ta shiga ba. Amma tunda akwai ƙorafi a kan asalin tukunyar, kuma ni da kaina na nemi a cire hoton in ba za a gyara ba, sai a cire a sa wani. Malamin makarantar nan shi ya fara amincewa. Har ya ce wannan adalci ne ga kowa. Aka tambaye ni. Zuciyata na tafasa, na ce su cire, su huta, in huta. Suka sa hoton wasu samari suna kokawa a wurin biki. Suka yi ta taya juna murna, wai an kai ga maslaha. Wani ma ya ce a riƙa nuna wa sababbin shiga wannan tattaunawa don su koyi yadda ake sasanci.

Bayan an kwana biyu, na dawo daga rumfa da yamma, Mama tana tankaɗe a ƙofar ɗakinta. Ba ta ɗago ba, ta ce, "Wannan abin na cikin wayarka. Ka ce ko'ina ana gani?"

"Wane abu?"

"Kada ka mai da ni yarinya. Har Legas? Har ƙasar Turawa?"

"Da dai ana gani."

"Mutane suna tsayawa su kalla? Me suke cewa a kan wuyan? Wuyan nan ya ba ni wahala, sau nawa yana zubewa."

A rayuwata ban taɓa jin ta yabi aikinta ba sai ranar. Ni kuma ban iya ƙarya ba, shi ya sa ban yi arziki ba. Na ce, "An cire, Mama."

Rariyar ta tsaya. "Wa ya cire?"

"Gardama ce ta yi yawa. Na ce su cire."

Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi. Ta ce "To," ta ci gaba da tankaɗe, garin yana zuba a gefen faifai ba ta lura ba.

Washegari na koma shafin tattaunawa, na sauke kai, na ce a mayar da hoton ko da ba suna, ko da an bar shi da "ba a san wadda ta gina ba". Malama ta ce an riga an rufe magana, sai in jama'a sun sake yarda. Malamin makaranta ya fito. Cikin ladabi, kamar kullum, ya ce shi ya gamsu da hujjar da na kawo tun farko, bai dace a baje kayan kabarin mutane ba alhali iyalinsu na ƙorafi. Ya tambaye ni ko na janye maganar cewa sace ta aka yi. In na janye, ba sauran ƙorafi, sai a mayar.

Na riƙe wayar har ta yi zafi a hannuna. In ce ba a sace ba, Mama ta sami masu kallo. In ce an sace, hoto ya tafi ke nan. Na ga zagayen nan da idona a kan kabarin Kawu. Ban janye ba. Ba wanda ya goyi bayana, maganar ta mutu a wurin.

Ina da hoton a wayata, na adana shi tun ranar farko. Na kai mata na ce ga shi, duk lokacin da take so ta gani sai ta kira ni. Ta ture hannuna a hankali.

"Ni me zan gani a ciki? Ni na san ta," in ji ta. "Mutane nake tambaya."