Jakin Da Ya Sa Matata Dariya

Yau matata ta yi dariya! Tun da muka binne 'yarmu ban ƙara jin sautin nan ba.

Da hantsi na kunna wa Baba tsohon fim ɗin barkwanci, na 'yan wasan dabbobi a yagaggen tanti da babu 'yan kallo. Wani ɗan wasa ya hau jaki sau uku, sau uku yana faɗowa.

Baba ya nuna kwamfutar da sanda. "Kai, sakarai! A kuturi ake zama, ba a wuya ba!"

Na ce, "Baba, da gangan yake yi."

"To, jakin ya fi shi hankali!"

Dariya ta ƙwace wa matata a gaban surukinta, tana toshe baki da mayafi. Na mayar da fim ɗin baya.

Ku da kuka yi rashi, me ya fara dawo muku da dariya?