Tukunyar da Na Karɓa a Gado

Ni na kawo tukunyar daga Nijar. Matata ta yi shekaru tana girki a cikinta, sannan ciwon daji ya kama ta a ciki, ta rasu a asibiti a Malumfashi.

Da ƙuruciya na yi lebura a can arewa da Agadas, inda ake haƙar dutsen da ake kira yuraniyom. Ban yi boko ba. An ce in ɗauka, na ɗauka. Tarkacen ƙarfen da ke fitowa daga wurin aikin kasuwa yake zuwa, maƙera su narka, su zuba tukwane. Na sayi babba guda, mai kauri, na kawo wa matata garinmu Dayi a matsayin tsaraba. Ta yi murna. Duk sunan da aka yi a unguwarmu sai an aro ta.

Ranar addu'ar bakwai wani da muka yi aiki tare ya zo gaisuwa daga Dandume. Ya rame, yana tari. Ya hango tukunyar a kan murhu, ana dafa wa baƙi shinkafa. Ya ja ni gefe ya ce bayan tahowata wasu sun shiga kasuwar can da wata na'ura mai kuka idan ta ji gubar dutsen. Sun bi tukwane da ƙyamare, wanda ta yi wa kuka suka kwashe. Na tambaye shi ko tawa tana ciki. Ya ce Allah kaɗai ya sani.

Ban ci shinkafar ba. Ban kuma hana kowa ci ba.

Da aka zo rabon gado, malam ya ce ina da rubu'i. Akwai awaki, akwai keken ɗinki. Na ce tukunyar nake so. Ƙanwar marigayiya ta dube ni ta yi dariya.

"Malam, tuwo za ka fara tuƙawa? Ko amarya aka yi wa tanadi tun ƙasa ba ta bushe ba?"

'Yarmu, ita kaɗai muka haifa, tana da goyo a lokacin. Ta ce a hankali, "Baba, ita ce kawai nake so a kayan Inna."

Na ce a'a. Ban faɗi dalili ba. In na faɗa, na faɗa mata ke nan ni na kawo abin cikin gida, kuma da shi aka ciyar da ita tun yaye.

Na yi niyyar jefar da ita. Na tuna masu sayen gwangwani za su tsince ta, a kai Funtuwa a narka, ta koma ƙananan tukwane a gidajen da ban sani ba. Na yi tunanin binne ta a gona, masara ake shukawa. Rafi kuwa shanu ke sha. Na sa ta a tsohon rumbu na yaɓe bakin da laka.

Bara, a teburin mai shayi, rediyo ya ce ƙasarmu da wata ƙasa sun sa hannu a yarjejeniyar nukiliya, ta wutar lantarki, ba ta yaƙi ba. Wani malamin makaranta ya yi bayani cewa da yuraniyom ake yin wutar, kuma a irin takardar nan har wanda zai kwashe ragowar abin ake rubutawa, da inda za a ajiye shi. Na tambaye shi ko suna karɓar na mutum ɗaya. Ya ɗauka wasa nake yi.

'Yata tana aure a Funtuwa. Takan aiko da abinci da sallah, ba ta zuwa. Ranar da na mutu za a fasa rumbun nan, kuma ita ce magajiya.

Ina nan Dayi, ni kaɗai a gidan. Ƙafata ta daina kai ni gona. Da rana ina zama a inda nake ganin bakin rumbun, ban gaya wa kowa ba tukuna.