Kifi ya samu satifiket, Kawu Ilu

Shekara shida ke nan da dutse ya kashe Kawu Ilu. Ba jifansa aka yi ba, wanke dutsen ya yi.

Ƙanin babata ne, ɗan masunta daga Yauri. Shi ya kawo ni Dubai, shagon kifin ado a bayan unguwar Al Rigga. Kifin teku ne masu kala a akwatin gilashi, ba a ci, kallo ake yi. Har ya mutu bai yafe wannan wulaƙanci ba.

Ranar an kawo duwatsun murjani masu rai, duk yauƙi da wari. Mai shago ya ce a wanke. Kawu kuwa a wurinsa abu bai wanku ba sai da tafasasshen ruwa, yadda ake wa kwanon kifi a gida. Ya tafasa ruwa a butarsa, ya ja ƙofar sito, ya kwara wa duwatsun. Ashe yauƙin nan dafi ne, ya shaƙi tururin. Babu wanda ya taɓa gaya masa. Bai daɗe a asibiti ba, khalas, shi ke nan. Mai shago ya yi kuka, Allah ya sani, don dutsen ma ya mutu.

Kawu, da za ka leƙo yanzu, dariya ce za ta sake kashe ka. Mun samu satifiket, an manna a ƙofa. Sai an tabbatar ba da guba aka kamo kifi ba, bai daɗe a leda ba, in ya sauka jirgi a ware masa ɗaki ya huta, kamar Alhaji. Masu dubawa su zo su auna ruwa, su leƙa idon kifi. Ni ko sannu ba na samu.

Me ya rage naka? Buta, da ɗanka Murtala, mai irin taurin kanka. Mai shago ya tura masa biza, wai alheri. Na kira Murtala na zayyana masa komai.

"Yaya, ai yanzu akwai satifiket," in ji shi.

"Na kifi ne, sakarai."

"To kai me kake yi a can?"

Juma'a zai sauka. Na ajiye masa safar hannu, ita kaɗai na iya. Ita ma an ba mu ne don kada gumin hannunmu ya cuci kifi.

Allah ya jiƙan ka, Kawu. Ruwan zafi dai, na ɓoye butar.