Mataccen Iri a Gonar Manaja

A kamfanin sayar da irin shuka kowa Mai Makulli yake kiranta, don kalmar sirrin rumbun bayanai tana hannunta. Ofishinta ɗan ɗaki ne a bayan sito, taga ɗaya, fanka mai ƙugi, ga warin maganin da ake barbaɗa wa buhuna. 'Yar manomi ce. Da mahaifinsu ya rasu, yayanta ne ya riƙe gona, da guminsa ta yi karatun kwamfuta. Ba ta da yawan magana, amma akwai riƙo. Mijinta yakan ce ko sauro ne ya cije ta, sai ta haddace fuskarsa.

Tsarin aikin ba wuya. Duk kashin irin da ya shigo, mai gwaji zai shuka kaɗan a faranti, ya shigar da sakamako a teburin gwaji na cikin kwamfuta. Teburin yana haɗe da na sito, don haka irin da ya faɗi, kwamfuta ba ta yarda a sayar da shi.

Wata damina yayanta ya sayi irin masara a kamfanin, saboda ita. Bai tsiro ba sai tsilli-tsilli. Ya sake shuka a makare, ruwa ya ɗauke. Ƙarshenta ya bar gona, ya kama gadi a wata masana'anta. Iyakar abin da ya ce mata shi ne, "Ƙanwata, ƙasar ce ta gaji." Ta duba rumbu, ta ga kashin ya ci gwaji, ta haɗiye abin.

Ana gab da damina ta gaba mai gwaji ya leƙo ɗakinta.

"Malama, jiya na rubuta wannan kashin ya faɗi, yau na tarar ya ci. Ko idona ne ya fara tsufa?"

Ta ƙirƙiri kashi na ƙarya, ta rubuta ya faɗi. Kafin ta ɗauke hannu ya koma ya ci. Sai ta buɗe tsohon kwafin rumbun, tana gwada shi da na yanzu abu bayan abu, har ta ci karo da baƙi biyu da ba ita ta gina su ba. Ɗaya ɓoyayyen umarni ne mai tashi da kansa ya mayar da faɗuwa ci. Ɗayan tebur ne da aka laƙaba wa suna kamar na shara, a nan ake ajiye sakamako na gaskiya. Duka biyun da tsohon makullin shiga rumbu na manajan sito aka yi su, mutumin da ya riƙe rumbun kafin ita. A teburin ta ga kashin da aka sayar wa yayanta. Matacce ne tun a faranti.

"Ki kai shi gaban mai kamfani," in ji mijinta.

"Zan kai shi. Amma kora kawai? Sai ya ɗanɗana tukuna."

Manajan yana da ƙatuwar gona, kuma kowace shekara shi ke fara ɗibar iri kafin a buɗe kasuwa, yana zaɓa daga ɓoyayyen teburinsa. Ba ta goge komai ba. Lambobi kawai ta musanya a teburin nasa, matattu suka hau gurbin masu rai, masu rai suka sauko gurbin matattu.

Ranar da aka loda masa mota ya tsaya a ƙofarta yana sakace.

"Mai Makulli, rumbu lafiya?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Yadda ka bar shi."

Motar na fita ta cire umarnin, ta soke makullinsa, ta mayar da kowane kashi matsayinsa, don kada mataccen iri ya kai ga wani manomi.

Ruwa ya sauka, gonakin maƙwabta suka yi kore shar, tasa kuwa fayau kamar tafin hannu. Ta sa mijinta ya kai ta gani. Ta daɗe a bakin kunya tana kallo, kuma a ranar ta ci abinci har da ƙari.

Manaja ya shigo ɗakinta ido jajir, ya tura ƙofa.

"Kin taɓa wani abu a teburin nan."

"Wane tebur, ranka ya daɗe? Faɗa mini sunansa in duba."

Faɗin sunan tona wa kansa asiri ne, sai ya juya. Sai da ya fita ta kwashi hujjojinta ta nufi ofishin mai kamfani. Aka sallame shi, ita kuma aka ja mata kunne kan jinkirin kai rahoto.

Bakin mijinta ba ya riƙe magana, don haka labari ya kai kunnen yayanta. Ya zo gidan cikin kayan gadi, ko zama bai yi ba.

"'Yan ƙwadagon da suke cin abinci a gonar manajan fa? Me suka yi miki?"

Ba ta yi tunaninsu ba. Duk da haka ta ce, "Yaya, ko yau aka dawo da shi, sai na ƙara."

Ya daɗe bai sake tako gidan ba. Ita kuwa tana nan a bayan sito, kuma duk wanda ya bar aikin rumbu, tun bai kai bakin get ba ta soke makullinsa.