Jijiyoyin Baba da Shayin Masu Masauki

Tun kafin mu bar Dakoro na tafka wauta. Inna ta damƙa mini maganin sukarin Baba, ta ce in sa a aljihu. Ni kuwa ban so sabon wandona ya kumbura ba, sai na cusa shi cikin buhun kaya. Karen mota ya ɗaure buhun a sama, ya ɗora masa awaki biyu. Haka muka tashi bayan sallar asuba, Baba a gaba, ni a baya, magani a ƙarƙashin akuya.

Baba dillalin shanu ne, ya daɗe da ciwon sukari. Bana abin ya kai in ya taka zuwa kasuwa sai ya tsaya yana haki kamar ya yi kokawa da bajimi. Likitan Maraɗi ya ce jijiyoyin da ke shayar da zuciyarsa jini ne suka cushe, a kai shi Yamai, kuma ya isa can sukarinsa na ƙasa, in ba haka ba babu mai taɓa shi. Aikin da aka ɗora mini ke nan.

Kornaka

Matsalar dillali ita ce kowane gari yana da mai masauki. Mota na tsayawa ɗaukar mutane sai ga Alhaji Bube, abokin cinikinsa, da butar shayi.

“Malam Idi! Ka ratsa garina ba ka sha komi ba?”

Shayin nan, in ka tsoma cokali tsaye zai tsaya don sukari. Na ce, “Alhaji, likita ya hana shi.”

“Wa ke magana? Ɗan nan da na ci naman sunansa?”

Baba ya harare ni. “Yi mini shiru. Ana maida hannun mai masauki?” Ya sha na fari, ya sha na biyu, ya kora da na uku, direba na ta danna ƙaho.

Maraɗi

Nan aka sauke buhu na ciro magani, yana warin da ko kura sai ta kauda kai. Mun kwana gidan Gwaggo Hajo, yayar Baba. Ta dama masa fura ta zazzaga mata sukari, wai marar lafiya sai da ƙarfi. ’Yan dubiya suka yi ta shigowa, wannan da fanke, wancan da kwalbar lemo. Kowa na cewa Allah ya sawwaƙe, kowa na ƙara wa wutar itace. Baba kuwa duk wanda ya tambaye shi sai ya ce, “’Yar gajiya ce kawai.” Gajiya! Mutumin da za a leƙa cikin zuciyarsa!

Hanyar Yamai

Mun shiga kar, babbar motar fasinja, da sassafe. Bayan Madawa jandarmomi suka tsayar da mu suka duba takardu. Wallahi na so in rungume su, don su kaɗai ne a hanyar nan ba su ba Baba abin sha ba. A Ƙonni wani mai masaukin, Malam Na’Allah, ya ji labarin zuwanmu ta waya, yana jira a tasha da gawayinsa a hure. Na ce masa likita ya hana, ko kallona bai yi ba. A Doso wani ya miƙo finjali ta taga mota na tafiya. Na ce wa Baba da haka muka ci gaba, kafin Yamai ƙudan zuma za su biyo mu. Bai yi dariya ba, ni ma ba don dariya na faɗa ba.

Yamai

A babban asibiti aka auna jininsa, mai awon ya dubi na’urar, ya dubi Baba, ya sake awo. Sai da suka yi kwanaki suna saukar da sukarin kafin likitan zuciya ya zura wata siririyar waya ta wuyan hannunsa, jijiyoyin suka fito a allo. Uku ne suka tsuke.

Likitan ya ce hanya biyu ce. Ta fari, a zura ’yar raga ta ƙarfe a buɗa wurin da ya tsuke, babu yanka. Ta biyu, a tsaga ƙirji, a ɗauko jijiya daga ƙafa ko daga cikin ƙirjin, a yi wa jini sabuwar hanya ya kewaye cushewar.

Baba ya ce, “Lokotoro, sa mini ragar in koma kasuwa.”

“Da jijiya ɗaya ce, da na sa maka. Kai uku ne, ga sukari. Ka san burtalin da gonaki suka cinye ta ko’ina? In ka buɗa nan, can ya rufe. Ga mai sukari irinka ragar ta fi saurin sake cushewa, sabon burtali ya fi daɗewa. Amma yanka ba ya warkewa a jini mai zaƙi, ruɓewa yake. Ku koma gida da magani, sukarin ya zauna ƙasa sosai, sa’annan ku dawo. Wa ke kula da cinsa?”

Baba ya nuna ni. Ni! Likitan ya yi mini faɗan da ko a lakwal, makarantar boko, ban taɓa sha ba, Baba na gyaɗa kai kamar mai shaida.

Ƙonni, a komowa

Malam Na’Allah na nan da butarsa. Ya miƙa wa Baba finjali, sai na riga shi, na ɗaga na shanye. Ya ƙone ni har maƙogwaro.

“Idi, haka ka yi renon ɗanka?”

Baba ya juyo ya dube ni. Na gama shirya kunnuwana.

“Ba shi na biyun ma,” in ji shi. “Ƙirjina za a tsaga, Na’Allah. Shayin nan ne ya sa aka maido ni.”

“Subhanallahi! Don mi ba a faɗa mini ba?”

Na ce, “Ni fa na faɗa wancan zuwan!”

“Kai yaro ne, wa zai ji taka?”

Kafin mu kai Madawa waya ta riga mu. A Kornaka Alhaji Bube ruwan rijiya ya kawo wa Baba, shayin kuma duka uku ya ɗura mini, wai ba a maida buta cike.

Dakoro

Mun iso da la’asar, alhamdu lillahi. Na gode wa direbobin da suka kawo mu lafiya, da masu masaukinmu duk da halinsu. Bayan an cire amfanin gona muka koma Yamai. An yi wa Baba aikin, an ɗauko jijiyar daga ƙafarsa ta hagu, yankan ya warke, yanzu da ƙafarsa yake zuwa kasuwa ba ya tsayawa.