Kilishin da Madam Ta Karɓa

Inna ba ta taɓa gane aikina ba, kuma ba ta taɓa yarda cewa ba ta gane ba. In baƙi suka zo gidanmu na Aubervilliers, gefen Paris, suka tambayi babbar ɗiya, sai ta gyara zama ta ce, "Tana Lyon, magani take haɗawa." Na gyara mata har bakina ya gaji. Na ce Inna, ni ba likita ba ce, ba kuma a farmasi nake ba, neman magani muke yi. Ta ce in rabu da ita da iyayi, ai duk magani ne.

A labo nake aiki, wato ɗakin bincike, can Bron a gefen Lyon, inda tram, jirgin cikin gari, ke sauke ɗalibai. Masu haɗa sinadarai su ƙera ɗan gari su miƙo mana, mu kuma mu narka shi mu ɗiga a kan ƙwayoyin jini mu ga abin da zai yi. Galibi ba ya yin komai. Wani kuma ya kashe ƙwayoyin nan take. Haka muke wuni cikin farar riga da safar hannu, muna zubar da abin da wani ya kwashe watanni yana fama da shi. Ciwon da muke bi emasi ne, wanda mutanen Kano ke ce wa sikila, kuma ba haka kawai na zaɓe shi ba. Ƙanena da shi aka haife shi.

A lokacin ya riga ya zama cikakken mutum, yana aiki a sito wurin Kawu, yayan Inna, mai sarin jakunkuna da takalma. Idonsa rawaya, ƙugunsa ya lalace yana ɗingishi, amma bakinsa lafiya lau, tsokana kamar ya haɗiyi rediyo. Shi ya sa mini suna "mai dakan gari". In ciwon ya taso kuwa bakin nan mutuwa yake yi, ya dunƙule a gado yana cizon matashi, Inna na gasa masa ƙafafu da tawul mai zafi har motar asibiti ta iso. Da wannan na tashi, da shi kuma na yi karatu.

Abin da ke faruwa a jikin mai emasi shi ne, da iska ta yi ƙaranci a jini sai ƙwayoyin su lanƙwashe kamar lauje, su cushe a jijiya. Wata shekara aka miƙo mana wani gari mai ɗan ruwan ƙwai, ko suna ba shi da shi, sai lamba. Muka ɗiga shi a jinin wani majinyaci da ba mu san ko wane ne ba, muka rage iska, muka jira laujen. Bai zo ba. Ƙwayoyin suka tsaya kewayayyu abinsu. Muka sake, muka kuma sakewa, haka dai. Wallahi ranar sai da na shiga banɗaki na yi kuka.

Ana cikin haka ranar da labo ke buɗe ƙofa ga jama'a ta zagayo, ƙanena ya hawo jirgin ƙasa ya zo ganin inda ake dakan garin. Hotunan suna kan babban allo, kowa na kallo, jini kafin gari da jini bayan gari. Ya tsaya gabansu ya daɗe bai yi tsokana ba. Na ce masa ba jininsa ba ne, ya ce duk ɗaya. Ya ciro waya ya ɗauka ya tura wa Inna. Kafin ya koma Paris hoton ya kai gida Damagaram ya dawo.

Bayan wasu watanni aka gwada garin a jikin ɓeraye. Jininsu ya yi kyau, hantarsu ta lalace. Masu sinadarai suka juya shi ta nan suka juya ta can, in hanta ta tsira sai jini ya koma lauje. Shugabar labo, wata dattijuwar Bafaranshiya da kowa ke ce wa Madam, ta tara mu ta ce a ajiye shi a nemi wani. A wurinmu wannan ba sabon abu ba ne. Sauran garin yana nan cikin ƙaramar kwalba a firiza, bai kai abin da za a zuba wa miya ba.

Na gaya wa Inna a waya. Ta ce, "Amma yana nan?" Na ce yana nan, guba ne. Ta ce, "Ɗana ɓera ne?" Na yi bayani da Hausa, na yi da Faransanci, na ɗaga murya, ta ce in gaida mutanen Lyon ta kashe wayar.

Wata safiya ina tsakiyar aiki mai gadi ya kira ni ya ce ina da baƙi. Na sauko na tarar da Kawu cikin babbar riga shuɗiya sabuwa fil, tare da wani dattijon limami daga Montreuil, can wajen Paris, wanda ya karanta wa ƙanena addu'a tun yana jariri. Liman na rungume da kwali. Ba wanda ya gaya mini za su zo, don sun san abin da zan ce.

"Kawu, lafiya?"

"Lafiya lau, ɗiyata. Wurin uwar ɗakinki muka zo. Ke yarinya ce, ba ki iya roƙo ba."

Kawu mutum ne da ya yi rayuwarsa yana fitar da kayan da suka maƙale. A saninsa ba ƙofar da ba ta buɗuwa in manya suka taka da ƙafarsu, suka yi gaisuwa yadda ta kamata. Kunya ta rufe ni, haushi kuma ya cika ni har wuya, amma ba a korar kawu a bakin ƙofa. Na hau na gaya wa Madam. Baiwar Allah ta ce su shigo, har ta sa aka kawo kafe a sha.

Kawu ya gaishe ta, ya gaida maigidanta, ya gaida yara, ya tambayi aiki da gajiya da sanyi. Faransancinsa na kasuwa ne, ya ce magana mai nauyi da Hausa zai yi ta, ni in juya. Sannan ya yi wa Liman ido, Liman ya ajiye kwalin a kan tebur. Kilishi ne na gida, mai kyau, da turmin atamfa a ƙarƙashinsa. Madam ta dube ni. Na buɗe baki zan ce mata kada ta taɓa, amma ta riga ta ja kwalin gabanta tana murmushi, ta gutsiri kilishin ta ci, yaji ya sa ta tari, ta ce ta gode ƙwarai. Na ga Kawu da Liman sun dubi juna.

Sai Kawu ya shiga magana. Ya ce roƙo suka zo yi, na arziki. Yaro nasu ne, sun ga aikin maganin da idonsu. A ba su ko ɗan lakuce ne. In an dace, alherin Madam ne, in kuma wani abu ya faru su suka ɗauka, ba wanda zai ji, ga limami shaida. Na juya kalma da kalma.

Fuskar Madam ta canza. Ta ce ta fahimci zafin da suke ciki, amma ba za ta iya ba, ba wanda zai iya. Ta ce abin nan ba magani ba ne tukuna, wanda ya sha hantarsa za ta mutu, shi ma ya bi ta. Na juya wannan ma, ban rage komai ba.

Kawu ya zuba mini ido. "Haka ta ce, ko haka kika ce?"

"Haka ta ce, Kawu."

"To, madalla," in ji shi, ya miƙe yana gyara riga.

A hanyar tram fara'a yake yi. Na ce Kawu, ka ji fa an hana. Ya yi dariya ya ce wace babbar mace ce za ta ce to a gaban mutane, a cikin ofis? Ta karɓi kaya, ta ci a gabansu. Wanda zai hana ka abu ba ya cin kilishinka. Saura kawai ta ba ni in kawo a asirce. Na rantse masa da Allah cewa a nan ba haka abin yake ba, Bafaranshe zai ci abincinka ya yaba ya kuma ce maka a'a da zuciya ɗaya. Liman ya ce in yi haƙuri, na daɗe cikinsu ne, shi ya sa.

Tun daga ranar Inna ta shiga jira. Duk ƙarshen makon da na zo Paris, idonta na kan jakata kafin fuskata. Ba ta tambaya. Sai ta karɓi jakar ta kai ɗaki da kanta, in ji tana buɗe zif. In ta fito sai ta zuba mini tuwo ta koma gefe. A wurinta magana ta ƙare, Madam ta yarda, manya sun shaida, wadda ta riƙe abin ita ce ɗiyar da ta haifa, don tsoron kada a kore ta daga aiki. Na so a ce zagina ta yi. Wannan buɗe zif ɗin ya fi zagi ciwo.

Da sanyi ya shigo ciwon ya kama ƙanena a ƙirji, aka kwantar da shi a wani asibiti a Paris. Likitocin sun yi iyakar yinsu, aka ƙara masa jini, aka sa masa iska. Wata la'asar Inna ta fita salla, ya zame abin iskar daga bakinsa ya yafito ni.

"Yaya mai dakan gari."

"Rufe bakinka ka sha iska."

"Ni na gane tun tuni. Ɓerayenku sun riga ni." Ya huta. "Ki kawo mata wani abu mana. Ko garin masara ne, ki sa a kwalba. Ta ga kin kawo."

Na ce ba zan yi ba. Na ce in ya tashi, Inna za ta bi gida gida tana cewa maganin ɗiyarta ne, gobe iyayen masu emasi su cika ƙofar labo da kwalaye, wani ya bar asibiti ya zauna jiran garina. In kuma bai tashi ba, sai na kasa ƙarasawa. Ya ce, "Kai, Yaya, taurin kai kamar na Inna," ya mayar da abin iskar. Har yau ina ganin daidai na yi, kuma hakan bai taɓa rage mini komai ba.

Bai fito daga asibitin ba. Ranar wata Talata da hantsi ya cika, Inna na riƙe da ƙafarsa, ni ina cikin jirgin ƙasa tsakanin Lyon da Paris.

Zaman makoki a falonmu aka yi, mata cike har bakin kicin. Inna ba ta ce mini komai ba, mai daɗi ko marar daɗi. Na wanke kofuna, na raba dabino, na amsa gaisuwa. Jakata tana bakin ƙofa inda na ajiye ta, ba wanda ya kai ta ɗaki.

Ranar addu'ar uku wata mata da ban sani ba ta matso kusa da ni. Matashiya ce, daga Montreuil ta zo, goye da yarinya. Ta yi mini ta'aziyya, sannan ta sassauta murya ta ciro waya. Hoton nan ne, jini kafin gari da jini bayan gari. Ta juyo mini da goyon in ga idon yarinyar, rawaya.

"An ce ke ce mai haɗa maganin," in ji ta. "Don Allah, Yaya."

Ina neman ta inda zan fara sai na ji muryar Inna daga kan tabarma. Ko ɗago kai ba ta yi daga carbinta ba.

"Ki kai ɗiyarki likita, kada ki jira kowa," ta ce. "Wannan ba ta haɗa komai. Aiki kawai take yi a Lyon."

Shekara da shekaru ina roƙonta ta faɗi haka. Na tashi na shiga kicin, na buɗe famfo don kada a ji ni.